Sitiyarin tsohuwar Marsandi yana wasa

Mai tambaya: Jama'a, Marsandi W123 ɗina ƙirar 1982, sai na murɗa sitiyari kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta motsa. A babban titi abin yana ba ni tsoro. In ɗaure sukurun akwatin sitiyarin?

Bakanike: Dakata tukuna, ɗan'uwa. Bar motar a ƙasa, wani ya riƙa kaɗa sitiyari, kai kana kallon tayarod (sandunan da ke juya tayoyin gaba) da bushin (robar) hannun ƙarfen da ke riƙe sandar haɗin tayoyin a ɓangaren fasinja. Galibi nan wasan yake. Ka duba robar da ta haɗa sandar sitiyari da akwatin.

Direba: In akwatin ne, kaɗan-kaɗan ake gyara sukurun. Ya matse da yawa, sitiyari ba zai dawo da kansa bayan kwana ba, cikin akwatin kuma ya cinye.

Bakanike: Haka ne, Malam. In an canza tayarod, a yi alaimen, wato daidaita tayoyi.