Malam-buɗe-littafi mai baƙi da ruwan ɗorawa a lambuna, ya zan samu hotonsa mai kyau?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin tsirrai da masu harkar hoto ku taimaka min. Akwai wani ƙaton malam-buɗe-littafi da yake zuwa lambun bayan gidana, baƙi ne da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa, can ƙasan fiffiken kuma akwai tabo ja da shuɗi kamar ido. Wlh yana burge ni sosai amma duk hoton da na ɗauka da waya sai ya fito dishi-dishi don ko yana kan fure ba ya daina kaɗa fiffike. Sannan na ga wasu abubuwa a ganyen lemun tsamina kamar kashin tsuntsu amma suna motsi, maigida ya ce a yi feshi ni dai na ce a dakata in tambaya tukuna.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda a yi feshin nan, ai 'ya'yansa ne kike gani. Yadda kika siffanta shi Papilio demodocus ne, ɗan dangin Papilionidae masu nau'i sama da 500 a duniya, da yawansu suna da 'yar jela a fiffiken baya irin ta tsattsewa amma shi wannan ba shi da ita, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Macen tana bin sabon tohon lemo tana saka ƙwai ɗai-ɗai, ɗan mitsitsi ne zagayayye mai hasken ɗorawa, kwana kaɗan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ƙarama kamar kashi take don tsuntsu ya wuce ta, in ta girma sai ta koma kore shar. Ki ɗan taɓa ta da tsinke a hankali ki gani, wani abu mai reshe biyu ruwan lemo zai fito ta bayan kanta da wani wari mai hawa kai, da shi take korar masu cinta. In bishiyar babba ce ganyen da za su ci ba zai mata komai ba, in ƙaramin dashe ne kam za su iya yi masa tas, to sai ki kwashe su da hannu ki mayar kan babba.

Abu Sadiq:
Yaya, matsalar ba ta wayarki ba ce kaɗai, haka dangin nan suke, suna shan ruwan fure fiffike na rawa. Ki daina binsa, ki lura da furen da yake yawan komawa, lantana ko ziniya in kina da su, ki saita wayar a kan furen ki tsaya shiru zai dawo da kansa. Ki danne maɓallin ya ɗauki hotuna da yawa a jere, a ciki za ki samu mai kyau. In wayar tana da wajen saiti na hannu ki kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, amma fa sai da haske sosai. Rana ta kasance a bayanki kuma kar inuwarki ta faɗa kansa, nan take zai tashi. Ki rage tsawo ki daidaita da shi, hoton gefe ya fi na sama fitar da tabon nan.

Mai Lambu:
Gaskiya ne Malam, amma ni a ganina sassafe ya fi duk wani saiti. Jikinsu sai ya ɗumama suke iya tashi da ƙarfi, to da safe za ka same shi ya baje fiffike a kan ganye yana shan hantsi ko motsi ba ya yi. Wata dabarar kuma ki jiƙa yashi a wani lungu mai rana Hajiya, mazan suna sauka su tsotsi gishirin da ke cikin damshin ƙasa kuma sukan daɗe a wajen.

Ummu Hanifa:
Kai Allah ya saka da alheri, an fasa feshi. Yanzu na duba na ga ɗaya ta manne a reshe ta ɗaure kanta da wani siririn zare ta daina ci, lafiya kuwa?

Mai Lambu:
Lafiya lau, rikiɗa za ta yi. Kar a taɓa reshen, ki riƙa leƙawa kullum da safe, in kin ga ɓawon ya yi duhu har zanen fiffike na nunawa ta ciki to ya kusa fitowa, kuma in ya fito sai ya jima a rataye fiffiken na bushewa kafin ya tashi, a nan za ki ɗauka son ranki.