Neman shawara: ina son hawa Dutsen Kamaru, Inna ta ce ba da yawunta ba

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Janairu zan sauka Duwala sarin kaya, kuma na daɗe ina kwaɗayin ƙarasawa Buea in hau Dutsen Kamaru. Inna na jin cewa dutsen yana aman wuta sai ta kafe. Don Allah wanda ya san wurin ya gaya min gaskiya, haɗarin ya kai haka? Kwana nawa zan ware?

Mazaunin Limbe:
Wa alaikumus salam. Dutsen da ransa, wannan ba ƙarya. A 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin Limbe zuwa Idenau wajen Bakingili, baƙin tudun na nan bakin hanya har yau. A 2000 ya sake. Amma ba kullum yake tashi ba, kuma wancan karon sai da ƙasa ta yi ta girgiza tukuna. Abin da ke mayar da mutane ƙasa sanyi ne da sarƙewar numfashi, don tsayinsa ya haura mita 4,000. Ka bar Buea kana gumi, dare ya same ka a bukkar hutun masu hawa ta biyu haƙora na kaɗawa. Tafi da rigar sanyi mai kauri, safar hannu da takalmi mai ƙarfi, tsakuwar can tana cin tafin takalmi. Ruwa kuwa ka ɗauka tun daga ƙasa, har da na alwala, sama duk ya tsotse.

Wani direba:
Janairu ya yi, rani ne. Da damina kar ka soma, Debundscha da ke gindinsa na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. Tun 2009 gandun gwamnati ne, sai da ɗan jagora da kuɗin shiga. Kwana uku za ka ware, masu yin biyu gwiwa ke biya. Sannan Malam, ka kiyayi Litinin: saboda rikicin yankin masu Turancin Ingilishi, inda Buea take, ana zaman gida ranar, mota kan yi wuya. Ka tambayi 'yan uwanmu na Buea halin da ake ciki kafin ka taso.

Wata Hajiya:
Ɗana, duk wannan bayan ka shawo kan Inna ne. Karanta mata amsoshin nan. In ta ƙi, tsaya Limbe ka ga baƙin yashin bakin teku, dutsen ma daga can ana hango shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Hajiya, gobe bayan Magariba zan gwada, amma batun girgizar ƙasar nan zan tsallake shi.