Munduwar azurfar Hopi: yaya ake gane tsohuwa ta gaske?

Mai tambaya, Maradi:
Assalamu alaikum. An yi mini tallar munduwa ta intanet, wai tsohon aikin ƙabilar Hopi ce ta Arizona a Amurka. Zanen fari ne, cikin raminsa baƙi. Me zan duba kafin in tura kuɗi?

Maƙerin fari:
Wa alaikumus salam. Malam, fara sanin yadda ake yin ta. Falle biyu ne na azurfa. Na saman ake yanke wa zane da siririn zarto, a ɗora shi kan na ƙasan, a haɗe su da wuta. Daga nan sai a bi cikin ramin da ƙarfe mai kaifin baki ana sassara ƙananan layuka jere da juna, a baƙanta wurin da maganin farar wuta, a goge saman ya yi fari.

To, ka ce a ɗauko maka hoton ramin kurkusa. Bangonsa a tsaye yake, bakinsa da kaifi, wani wurin har sawun zarto za ka gani. In gefen ya yi laɓo-laɓo, ga ƴan ramuka kamar na allura, zubi ne aka kwafa daga wata munduwar. Layukan hannu kuma ba sa zuwa daidai wa daida.

Hajiya mai kayan azurfa:
Ɗana, kula da shekarun da za a gaya maka. Sai wajen 1938 gidan tarihi na garin Flagstaff da ke Arizona ya soma ƙarfafa wannan salo. Ƴan Hopi biyu, Fred Kabotie mai zane da Paul Saufkie maƙerin fari, suka koya wa tsofaffin sojojin Hopi daga 1947, ƙungiyar maƙeransu kuma ta kafu a 1949. Duk wanda ya ce tasa ta shekarar 1900 ce, bar masa kayansa. A juya bayanta ka ga tambari: yawancin maƙeran Hopi alama suke bugawa, sau da yawa ta danginsu, kayan ƙungiyar kuma akwai alamar rana. Amma ana satar tambari, kada ka dogara da shi kaɗai.

Maƙerin fari:
Gaskiyar Hajiya. In ta iso hannunka, maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, don farin ƙarfen da ake haɗawa da nikel shi ma ba ya kamawa. Auna ta a sikelin masu zinariya. Sai ka ɗora kofin ruwa a sikelin, ka maida shi sifiri, ka rataya ta da zare ta nutse ba ta taɓa gindin kofin ba. Raba nauyin farko da wanda sikelin ya nuna yanzu. Azurfa 925, wato mai kashi 925 na tsantsar azurfa cikin 1000, tana ba da kusan 10.3, misali giram 51.5 da giram 5. In ka ga 8.7, ba azurfa ba ce. Wannan awo na marar dutse ne kawai.

Hajiya mai kayan azurfa:
Don Allah kada a wanke ta da toka ko lemun tsami kamar awarwaronmu, kada kuma a tsoma ta a ruwan wankin azurfa. Baƙin cikin ramin shi ke fito da zanen, in ya tafi darajarta ta faɗi. Tsumma mai laushi a saman kawai ya isa. Wajen sawa ma a zura ta ta gefen wuyan hannu, don yawan buɗewa da matsewa yana tsaga ta.