Hannun hagu ya ƙi bin na dama

Baban Yara: Jama'a, ina neman shawara. Shekarata 43, wata bakwai ke nan ina koyon fiyano a kan wata Yamaha mai maɓalli 61 da na saya ta hannu. Bayan isha'i nake zama, minti ashirin, in akwai wuta. Hannun dama ya fara faɗawa, amma da na haɗa da hagu sai komai ya dagule. Girma ne ya kama ni?

Ɗan Tudun Wada: Yaya, ba girma ba ne, gaggawa ce. Raba hannuwan tukuna. Sa manhajar ƙidaya bugu a waya, 60 a minti, layi ɗaya kawai, har ya zauna.

Maman Biyu: Malam, duba yatsunka. In kana bin fararen maɓallai a jere daga C zuwa C na gaba (sunayensu C, D, E, F, G, A, B), babban yatsan dama yana ratsawa ƙarƙashi a F, a hagu kuwa na tsakiya ke tsallakowa a A. Ba lokaci ɗaya suke sauyawa ba. Ni nan na maƙale wata guda cur.

Baban Yara: Ashe! Daren jiya na gwada a hankali, sau biyu ya fita. Uwargida dai ta ce in nemi abin sawa a kunne.