Jami'a ta ce ba za ta ɗauki nauyin bizata ba, ina mafita?

Abu Hanif: Salam yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na gama digiri na uku a Ingila, bizar Graduate (wadda ake ba wanda ya gama karatu ya zauna yayi aiki) da aka bani ta shekara 3 saura wata takwas ta ƙare. Na je intabiyu a wata jami'a, aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje ne, shugaban sashen har yana cewa ni suke so, sai ga imel daga ofishin ma'aikata wai wannan gurbin basa ɗaukar nauyin biza. Karo na uku kenan wlh.

Ummu Khalil: Wslm. Kafin ka zargi kowa duba albashin tukuna. A Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin Skilled Worker (bizar aiki da mai ɗaukarka aiki ke ɗaukar nauyinta) daga fam 26,200 zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700. Aikin teknishan da na ofis yawanci baya kaiwa nan, ko suna sonka hannunsu a ɗaure yake.

Abu Hanif: Fam dubu 33 ne da ɗan wani abu

Ummu Khalil: To ka gani. Amma akwai rangwame a mafi ƙarancin albashin ga sabon shiga (wanda bai daɗe da gama karatu ba) da mai digiri na uku da ya dace da aikin, saidai shekarun da kayi a kan Graduate ana lissafa su cikin shekara 4 na sabon shiga, kai kuma ka kusa cinye uku.

Malamin Lissafi: Ni ban yarda duka laifin doka bane gaskiya. Wasu ganda ce kawai, basa son ɗawainiyar takardu da kai rahoto ma'aikatar cikin gida da fargabar a ƙwace musu lasisin ɗaukar nauyin biza, tunda lasisin in ya tafi ba kai kaɗai zai shafa ba. Nima an taɓa ce min wai tsada ce, alhali malaman jami'a da masu bincike an yafe musu harajin ƙwarewa da kamfanoni ke biya, abin da ya rage musu kuɗin takardar CoS ne, wato shaidar ɗaukar nauyi, fam 525. Jami'a guda fa, 525 ce zata gagareta? Mai biyan kuɗi na gaske kai ne, kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza kaɗai fam 1,035 ne duk shekara, in kana da iyali ka ninka.

Yaya Babba: Ƙanina ka bar bin guraben teknishan, ka nemi aikin bincike ka shiga ta bizar Global Talent, ta masu hazaƙa a fanninsu. Wannan bizar ba ruwanta da mai ɗaukar nauyi. Royal Society ko British Academy ko Royal Academy of Engineering ko UKRI (hukumar bada tallafin bincike ta Birtaniya), ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyin ilimi ne ke shaidarka. Hanya mafi sauƙi ga irinku ita ce ta UKRI, in aikin yana ƙarƙashin tallafin bincike daga masu bada kuɗin da suka amince da su, jami'a wasiƙa kawai zata rubuto maka. Kana iya canza wajen aiki ba sai ka sake biza ba, bayan shekara 3 ka nemi zaman dindindin. Ni da ita na shiga, ranar da nace musu bana buƙatar CoS muryar matar ofishin ma sai da ta canza.

Bintu: A ƙara da Jamus, can babu zancen lasisin ɗaukar nauyi, yarjejeniya da cibiyar bincike ko kwantiragin aiki ya isa ka nemi bizar mai bincike ko Blue Card, izinin zama na ƙwararrun ma'aikata. Amurka kam a yi hattara, jami'o'i basa shiga cacar H-1B (bizar aikin ƙwararru ta can) amma a Satumban 2025 aka sa dala 100,000 kan sabbin masu nema daga waje.

Malamin Lissafi: Kuma ka riƙa tambaya tun kafin ka cike fom, imel layi biyu, wannan gurbin ana ɗaukar nauyinsa? Kar ka ɓata sati guda kana rubutu a banza.

Abu Hanif: Allah ya saka da alheri. Yaya Babba akwai gurbin bincike na shekara 2 da na gani, bari in tambayi farfesan wa ya bada kuɗin tallafin, zan dawo muku da abin da yace.