Wasan labari mai rassa: hujja ne cewa ba mu da zaɓi?

Malamin falsafa, unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Ku auna mini wannan magana kafin in kai ta gaban ɗalibaina na ajin ƙarshe nan Maraɗi. Ina ganin wasannin kwamfuta da mai wasa ke zaɓar inda labari zai nufa hujja ce mai ƙarfi cewa mutum na iya jin yana da zaɓi alhali ba shi da shi. A cikin wasan The Stanley Parable na 2013, mai wasa yana isa gaban ƙofofi biyu, mai ba da labari ya ce ya bi ta hagu. Idan ya yi taurin kai ya bi ta dama, sai ya tarar an riga an rubuta maganar da za a yi masa a can. Har bijirewar tasa tana cikin rubutun.

Ɗalibar ilimin kwamfuta: Mushe, da izininka, ban yarda ba. Wasan Detroit: Become Human, wanda kamfanin Quantic Dream na Faris ya ƙirƙira aka fitar da shi a 2018, yana nuna taswirar rassan labarin a ƙarshen kowane babi, tare da kason ƴan wasan duniya da suka bi kowane reshe. Me ya sa ake wannan ƙidaya? Saboda marubucin ya shimfiɗa hanyoyin amma bai san wadda ni zan bi ba sai na bi. Ƙarancin hanyoyi daban, rashin zaɓi daban.

Malamin zaure, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƴata ta taɓa wurin da ya fi damuna. Malam, yaranka ba za su ji wannan darasi a matsayin maganar na'ura kawai ba, ƙaddara za su ji, kuma nan ne kwatancen ke karyewa, domin ilimin marubucin wasa yana tsayawa a kan rassan, ilimin Allah kuwa ya kewaye rassan da wanda bawa zai bi tun kafin a halicce shi. Gardamar ma tsohuwa ce. Jabariyya, mabiya Jahmu ɗan Safwan, sun ce tilasta bawa ake yi, Ƙadariyya suka ce shi ke samar da aikinsa, sai Imam Ash'ari ya zo da bayanin kasabu: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa da nufinsa, a kansa kuma ake yi masa hisabi. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ina tsoron yaro ya fito daga ajinka da ra'ayin Jahmu bai ma san sunansa ba.

Malamin falsafa: Allah ya gafarta Malam, ba aƙida nake koyarwa ba. Abin da ke cikin darasina shi ne maganar da Laplace, masanin lissafi na Faransa, ya yi a 1814, cewa hankalin da ya san matsayin kowane abu da ƙarfin da ke motsa shi zai san duk abin da zai faru. Ƙanwata, ƙidayar da kika kawo ma tana taimakona, domin idan mafi yawan mutane sun karkata ga reshe ɗaya, ai tarbiyya da tausayi da yadda aka tsara wurin ne suka tura su.

Ɗalibar ilimin kwamfuta: Amma koyaushe akwai waɗanda suka bi ɗaya reshen, Mushe, kuma mutum ɗaya yana iya maimaita babin ya zaɓi wani abu.

Malamin falsafa: Wanda ya maimaita ya riga ya san sakamakon farko, don haka sababin ya sauya. Rayuwa ba ta ba mu damar komawa mu gwada.

Malamin zaure: To idan lallai za ka kai shi aji, ka tambaye su wannan bayan sun gama: wanda ya bar wani ya mutu a cikin wasan, me ya sa zuciyarsa ta zarge shi, bai zargi marubucin ba? Ka kuma faɗa musu a fili cewa marubucin wasa ba misalin Ubangiji ba ne.