Ekuter a aji: darasi ne ko ɓata lokaci?

Malam Issoufou: Salamu alaikum malamai. In ana son yaran sakandare su iya nazarin kaya, wato su ɗauki abu su gane don wa aka yi shi, da me aka yi shi, me kuma ke kashe shi, ni a ganina babu abin koyarwa kamar ekuter, abin sauraron nan da ake sawa a kunne. Kusan kowane gida akwai matacce. A kawo aji a fasa.

Malama Haoua: Wa alaikumus salam. Haba Malam! Abin da muke fama da su su cire daga kunne shi za ka ce su zo da shi? Ga jarrabawar BEPC na tafe, manhaja ba ta ƙare ba.

Malam Issoufou: Ai manhajar ce a cikinsa, Malama. In an buɗe, ga ɗan maganaɗisu, ga siririn zaren tagulla a naɗe, ga ƴar fatar roba manne da shi. Lantarki ya bi zaren, zaren ya yi ta kai da komo, fatar ta kaɗa iska, kunne ya ji sauti. Shi ne muke zanawa da alli yara na hamma.

Malam Laouali: Ban musa maka wannan ba. To yaro ya gama nazari, sai me? Wa zai ƙera ekuter a Damagaram? Kayan Sin ne, mu namu saye. Alhali ga majema da dukawa a garin nan. Ka ba yaro takalmin fata, zai iya zuwa wurin wanda ya ɗinka ya ce, Baba me ya sa ka ninka ɗinki a nan? Ya ji amsa, ya kawo tasa dabara, a ɗinka masa, ya taka ya gani. Da ekuter masu iya saye kawai za mu yaye.

Rabiou mai gyaran waya: Malamaina ku yi haƙuri in sa baki, ɗalibinku ne. Iya saye ma ba ƙaramin abu ba ne. Mutum zai zo shagona kusa da kasuwar Dole yana cewa wayarsa ta lalace, ba a jin muryarsa. In duba filogin ekuter ɗin, mai milimita 3.5 ɗin nan, zobe biyu ne a jikinsa. Mai zobe biyu ba shi da makirfo, sai mai uku. Galibi kuma lasifikar lafiya lau take, wayar ekuter ɗin ce ke tsinkewa a gindin filogi inda take lanƙwasa cikin aljihu. Zaren ciki ma da fenti a jikinsa, sai an ƙone shi dalma ke kamawa. Masu Bluetooth kuwa liƙe su ake da gam, batir ya mutu sai bola.

Malam Issoufou: Madalla Rabiou. Ga tambayar aji nan. Apple ya cire ramin ekuter tun iPhone 7 a 2016, amma Tecno da Itel da yawa har yanzu suna da shi. Me ya sa? Yaro ya yi tunanin wa ke sayen kowacce, nawa ke aljihunsa, sau nawa yake samun caji. Kuma Malam Laouali, ƙarfafa gindin waya don kar ta tsinke ai ƙira ce, yaro zai iya gwadawa da zare ko ƴar fata.

Malam Laouali: Faci ne wannan.

Malama Haoua: Ni in dai za a yi, to a sa maganar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar abin da suke saurare. Babba zai iya jin sauti mai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal. Ku dubi ƴan kabu-kabu, kunne a toshe suna tsakiyar titi. A tambayi yara ko mai ƙirar na da alhaki a nan. Darasin awa biyu na yarda, ban da ƙari.

Alhaji Mamane: Ƴaƴana, duk na karanta. Aji cike maƙil, wa zai sayi sukundireba da dalma? Kuma kar wanda ya bar yaro ya huda batirin lithium, wuta yake kamawa. Ku tsaya kan ekuter masu waya, marasa batir.

Malam Issoufou: Ranka ya daɗe, rukuni-rukuni za a yi, galibinsu da farce ma suna buɗewa. Malam Laouali, mu haɗa biyun: mako ɗaya ekuter, mako ɗaya takalmi, tambayoyi iri ɗaya.

Malam Laouali: To a fara da takalmi. In suka fara taɓa ekuter ba za su ƙara kallon fata ba.

Malam Issoufou: Na lura kai ma ka san wanne ya fi jan su.

Malam Laouali: Sukari ma ya fi jan su.

Rabiou mai gyaran waya: Matattu na nan cike da kwali a ƙarƙashin teburina. Duk wanda zai fara ya aiko yaro bayan la'asar, zan ware masu batir.